Unguwar Nabili, Inda Jirgin Ruwa Ke Hawan Tudu

Shekaru da dama ina koyar da Labarin Ƙasa a wannan Kwaleji, kowace shekara kuwa sai mun zo kan darasin kogunan da mutane suka haƙa da hannunsu. Ran nan wani ɗalibi na aji biyu ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, ruwa dai gangare ya ke bi. To, ƙaƙa jirgi zai bi shi ya hau tudu?" Na ba shi amsar da ke cikin littafi, ya ce ya gane, amma daga ganin fuskarsa na san kara ya yi mini. Ni ma a raina na san karatu na yi masa, ba sani ba. Da Allah ya nufa aka aike ni wani taron malamai a birnin Milan na ƙasar Italiya, sai na ƙudura ba na komowa sai na ga abin nan da idona. Tun da Edita ya matsa mini in ba shi wani abu, to, ga labarin unguwar da na gan shi a cikinta.

Sunan unguwar Nabili, tana kudu maso yammacin birnin. Milan ba ta bakin teku, ba kuma wani babban kogi da ya ratsa ta. Kogin Ticino yana yamma da ita, Adda yana gabas, kowanne da 'yar tafiya. Sai mutanen gari suka ga tun da kogi ya ƙi zuwa, gara su je su jawo shi. Wajen 1177 suka soma haƙa, ba inji, sai ƙarfin damtse. Da fari ban ruwan gonaki suka fi nufi, daga baya suka daɗa masa faɗi da zurfi, har a 1272 jirgi ya iya tasowa daga Ticino ya zo ƙofar gari. Shi ne Nabiliyo Babba, tsawonsa mil 31. Ya ƙare a wata tashar jirage da su ke kira Darsena, daga nan kuma wani ya fita, mil 20, ya gangara garin Pabiya, shi sai a 1819 aka gama shi. Gidajen da ke bakin waɗannan biyu, su ne unguwar.

Duk wanda ya je Milan sai an kai shi ya ga babban cocinsu, Duwomo, wanda aka sa harsashinsa a 1386. Da wani farin dutse mai ɗan ja-ja aka gina shi, dutsen kuwa daga Kandoliya a ke fasa shi, can gindin manyan duwatsu na arewa. A kan loda shi a jirgi, ya bi kogin Toce, ya ratsa tafkin Majore, ya shiga Ticino, sa'an nan ya kama Nabiliyo Babba. Zuwan ba wuya, ruwa ne ke tura jirgi. Komawar ita ce aiki, don sai dawaki sun ja shi da igiya daga bakin gaɓa, kwana da kwanaki. An yafe wa jiragen ginin cocin kuɗin fito, a kan rubuta musu haruffa uku, AUF, watau kayan aikin coci ne. Mutanen Milan sun ce daga nan aka sami kalmar "a ufo" da su ke faɗa wa mai cin banza. Da na ji haka na yi dariya, na tuna da wasu abokaina na ɗakin malamai lokacin shan shayi.

To, sai ga matsala. Ruwan da ya kewaye tsohon birni ya fi na tasha tudu da kamar ƙafa shida ko bakwai, ga shi ana so dutse ya matsa kusa da wurin gini. Wajen 1439 magina suka yi wata dabara da su ke kira konka, watau kwatarniya. Ni dai ɗakin ruwa na ke ce mata, ita ce kuwa amsar tambayar ɗalibina, don haka ku saurara da kyau.

Ɗaki ne dogo marar rufi, an gina shi da dutse a tsakiyar hanyar ruwa, da ƙofa ta sama da ƙofa ta ƙasa. Bayan ta sama ruwa yana bisa, bayan ta ƙasa yana ƙasa. In jirgi zai hau, sai ya shiga ta ƙofar ƙasa, a rufe ta a bayansa. Sa'an nan a buɗe wasu 'yan tagogi da ke gindin ƙofar sama, ruwa ya riƙa kwararowa cikin ɗakin. Ɗaki na cika, jirgi na tashi, kamar yadda ƙoƙo ke tashi in ana zuba ruwa a randa. In ruwan ciki ya yi daidai da na sama, a buɗe ƙofar sama, jirgi ya wuce abinsa. In sauka zai yi, sai a juya aikin, a zubar da ruwan ɗakin ta tagogin ƙofar ƙasa. Kun ga ruwa bai hau tudu ba ko kaɗan, gangarowarsa ita ce ta ɗaga jirgi.

Na shiga jirgin 'yan kallo aka kai mu ɗakin ruwa na fari a hanyar Pabiya, wanda shi ne ɗaya daga cikin 12 da ke wannan hanya. Abin da ya fi ba ni sha'awa ƙofofin ne. Kowace ƙofa ƙyaure biyu gare ta, ba su kuwa haɗuwa a miƙe, sai da ɗan tsini mai fuskantar ruwan sama, kamar mutum ya haɗa kan yatsun hannuwansa biyu. Saboda haka duk yadda ruwa ya danno, daɗa matse su ya ke yi. Ƙarti goma ba su buɗe ta muddin ruwan bai daidaita ba, in ya daidaita kuwa mutum ɗaya ya isa.

A jirgin na ji ana gaya wa baƙi wai Leonardo da Vinci ne ya ƙago duk wannan. Kada ku koya wa yara haka. A 1452 aka haife shi, sai wajen 1482 ya zo Milan, ya tarar da ɗakunan ruwa suna aiki. Abin da ya yi shi ne ya yi nazarinsu, ya zana ƙofa mai tsini da 'yar tagarta, zanen kuwa yana nan ajiye a ɗakin littattafai na Ambrosiyana. Wannan ma ya ishe shi yabo. Mu ma nan ƙasar an yi ɗakin ruwa a madatsar Kainji da aka gama a 1968, don jirage su iya ƙetare ta.

Amma fa unguwa ba ƙofofi ba ce, mutane ce. Nabili tun asali ta talakawa ce, 'yan jirgi da 'yan dako da masu wanki. Wani malami ɗan garin, wanda ya yi mini tafinta, ya shigar da ni wani lungu da a ke kira Lungun Masu Wanki. Wata 'yar kwata ce aka jawo daga Nabiliyo, aka yi mata rumfa, aka jera duwatsu masu gangare a bakinta. Da, maza ne ke aikin, har ƙungiya gare su, suna karɓo tufafin attajirai. Daga baya ya koma hannun mata, su kan durƙusa cikin wani ɗan akwatin katako su yi ta cuɗa, sanyi ko zafi, har cikin shekarun 1950. Na sa hannu cikin ruwan, na janye da sauri.

Gidajen unguwar benaye ne masu tsakar gida, kowane hawa da baranda doguwa mai shingen ƙarfe, ƙofofin ɗakuna duk a kanta su ke buɗewa. A zamanin da, bayan gida ɗaya ne a ƙarshen baranda, kowa da kowa. Wanda ya taɓa zama gidan haya ya san irin wannan zama, ba a ɓoye miyar da aka dafa, ba a kuma ɓoye faɗan miji da mata. Da sana'ar ruwa ta mutu, haya ta yi araha, sai masu zane suka shigo suka mai da ɗakunan ƙasa wuraren aikinsu. Na leƙa wajen wani tsoho, hotunansa kusan duka na gada ne da ruwa da hazo. Na tambayi kuɗin ƙarami, da na ji, sai na yaba masa aiki na fito.

A bakin wannan ruwa Alda Merini ta zauna, mai rubuta waƙoƙi, wadda aka haifa a 1931 ta rasu a 2009. Ta yi shekaru a asibitin masu taɓin hankali, ta fito ta komo unguwarsu, ta yi waƙoƙin da suka sa Italiya duk ta san ta. A bangon ɗakinta ta kan rubuta lambobin waya da abin da ya faɗo mata. Yanzu an sa wa wata gada sunanta. Ran Lahadin ƙarshen wata kuma kasuwar kayan da ke ci a gaɓar ruwan, agogai da fitilu da littattafai da kujerun kakanni.

Da rana ta faɗi sai unguwar ta sāke. Teburori suka cika gaɓa, samari da 'yan mata da baƙi daga ko'ina, ana ci ana sha har tsakar dare, wurin sa ƙafa ya yi wuya. Wata tsohuwa da muka gaisa da ita a ƙofar gidansu ta ce wa tafintana ita a nan aka haife ta, amma maƙwabtanta duk sun tashi, haya ta fi ƙarfinsu, barci kuma sai goshin asuba. Inda mai burodi ya ke da, yanzu gidan shaye-shaye ne. Masu zanen ma da suka jawo wa unguwar suna, da yawansu tsada ta kore su. Na duba, na ga gaskiyarta, ko da ya ke ni ma ɗaya ne daga cikin baƙin da suka cika mata ƙofa.

Ruwan kansa da ƙyar ya tsira. A 1929 zuwa 1930 hukumar birni ta rufe wanda ya kewaye tsohon gari, ta shimfiɗa titi a kansa, wai ƙazanta da wari da bukatar motoci. Tashar Darsena ta ci gaba da karɓar yashi da tsakuwa, da su aka sāke gina Milan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma manyan motoci suka ƙwace aikin, a 1979 jirgin yashi na ƙarshe ya sauke kayansa. Tasha ta zama kufai shekara da shekaru. A 2011 aka tambayi mutanen gari ta hanyar ƙuri'a, mafi yawansu ƙwarai suka ce a gyara ta, a kuma duba yadda za a buɗe abin da aka rufe. Tashar kam an gyara, an buɗe ta a 2015. Na kewayen gari yana ƙarƙashin kwalta. A unguwar San Marko na ga wani tsohon ɗakin ruwa da ƙofofinsa na katako a tsaye, ba ko ɗigon ruwa, ciyawa ta fito a ciki.

Ɗalibin da ya yi mini tambayar nan ya gama, yana koyarwa a wata firamare, zan kuwa aika masa da wannan mujalla. Ku 'yan aji biyu na bana, ran Asabar da safe mu haɗu a bayan ɗakin sassaƙa. Za mu haƙa 'yar kwata a gangaren nan, mu yi ƙofofi da guntayen katako, mu liƙe da yumɓu, gwangwanin kifi ya zama jirginmu. Kowa ya zo da fartanya da bokiti.