Yadda ake ƙididdige raƙuman dawan da aka mayar Gadabeji

A watan Nuwamban 2018 ne aka kwashi raƙuman dawa takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka kai su gandun dajin Gadabeji da ke jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, tafiyar sama da kilomita 800. Fari da farauta sun kawar da su daga Gadabeji shekaru kusan hamsin kafin nan. Tambayar da ke gaban masana ita ce: ta yaya za a tabbatar garken na ƙaruwa?

Hanyar da aka dogara da ita a Nijar ita ce sanin kowace dabba ɗaya bayan ɗaya. Zanen da ke jikin raƙumin dawa tamkar zanen yatsan ɗan'adam ne, babu biyu masu iri ɗaya, kuma ba ya sauyawa har mutuwa. Don haka jami'an gandun daji kan ɗauki hoton kowanne ta gefen dama da hagu, su adana tare da bayanin jinsinsa da kimanin shekarunsa. Wannan ne ke hana a ƙirga dabba guda sau biyu. A Kure, an fi gudanar da ƙidayar da damina, lokacin da dabbobin ke taruwa wuri guda.

Da irin wannan ƙidaya aka gano cewa raƙuman dawan Nijar, waɗanda su kaɗai suka rage daga irinsu na Afirka ta Yamma, sun tashi daga 49 a 1996 zuwa sama da 600 a 2018. Ke nan ƙarin kusan kashi 12 cikin ɗari a kowace shekara, wato garken na ninkawa cikin kimanin shekaru shida.

Sai dai ba a ɗora wannan lissafi kai tsaye a kan ƙaramin garke. Cikin dabbobi takwas, mutuwar guda ɗaya asarar fiye da kashi 12 cikin ɗari ce. Macen takan ɗauki ciki na kusan wata 15, ta haifi ɗa guda, kuma ba ta soma haihuwa sai ta kai shekara huɗu zuwa biyar. Saboda haka yawan matan da suka isa haihuwa, da adadin 'ya'yan da suka tsallake shekararsu ta farko, sun fi jimillar garken bayyana makomarsa.

Wannan darasi ya shafi Najeriya, inda aka kawo namun daji daga Namibiya zuwa gandun Sumu na jihar Bauchi a 2006. Matuƙar babu ƙidaya a kai a kai, hukuma ba za ta farga da raguwar garke ba sai bayan lokacin ceto ya wuce.