Haɗa Kwamfutar Gem da Kuɗi Kaɗan: Inda Ake Tsimi da Inda Ba a Yi

Matashin da ya shiga kasuwar kwamfuta da niyyar haɗa na'urar buga gem, ko a Titin Beirut na Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, tambayarsa ba ta wuce ɗaya: "Za ta ɗauki FC? Za ta ɗauki GTA?" Mai shago ya kunna, hoto ya fito tar, a yi ciniki, a ɗaure kwali. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce mafi tsada: idan baɗi Allah ya hore mini wasu kuɗin, me zan iya canzawa a cikin akwatin nan ba tare da na zubar da sauran ba?

Kwamfutar tebur ta fi laftof da na'urorin gem na gida da abu guda: ana kwance ta, a cire wannan a sa wancan. Sai dai ba kowace aka haɗa ba ce take karɓar ƙari. Lamarin ya yi kama da na mai gina gida kaɗan-kaɗan: bana ɗaki ɗaya, baɗi a ƙara falo, amma idan harsashin bai da ƙarfin ɗaukar bene, duk ranar da aka tashi ɗorawa sai an rushe. A kwamfuta, harsashin shi ne na'urar raba wuta, da madabod, da akwatin da ake zuba kayan ciki. Su ne ba sa burge kowa, su ne kuma aka fi tsuke wa kuɗi.

Mu fara da na'urar wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira fawa saflai, domin a nan aka fi cutar mutane. Mai saye ya ƙarar da kuɗinsa a katin hoto, sai a ce masa ga wata fawa mai araha, an rubuta wat 500 a jikinta. Rubutu ba shi da wuya. A gefen kowace fawa akwai takardar da ke nuna yawan wutar da take bayarwa a kowane layi, kuma layin da ya dame ka shi ne na bolt 12, saboda daga nan furosesa da katin hoto suke sha. Fawa ta gari kusan duk ƙarfinta tana iya ba da shi ta wannan layin. Ta banza kuwa, sai ka ga jimillar ta cika 500 amma layin 12 bai kai kusa ba. Akwai kuma tambarin 80 Plus, wanda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ta ja daga bango yana isa cikin kwamfuta, sauran ya tafi a zafi. Tambarin ba shaidar inganci ba ne gaba ɗaya, har ma akwai masu liƙa na jabu, amma rashinsa alama ce ta ka ja da baya. Ɗauke ta ma ka ji nauyinta. Wadda ta yi shafal kamar babu komai a ciki, to kusan babu komai ɗin.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne irin wutar da muke sha. A kawo, a ɗauke, ta dawo da ƙarfi, ta yi ƙasa, a tayar da janareta. Fawa mai kyau tana da kariyar da za ta kashe kanta idan abu ya wuce kima. Marar kyau idan za ta mutu ba ta tafiya ita kaɗai, tana iya jan madabod da katin hoto su tafi tare. Ga mai ƙaramin ƙarfi, wat 550 zuwa 650 daga kamfanin da aka sani ya wadatar, har da sauran fili. Katin RX 6600 wat 132 yake ci, RTX 4060 wat 115, RTX 3060 wat 170, don haka fawa mai 650 za ta ɗauke su, ta kuma ɗauki wanda ya fi su idan ka tashi canji. Ka tabbata tana da wayar katin hoto mai baki 8, in da hali guda biyu. Idan aka ce maka babu amma ga 'yar mahaɗa da za a jona daga wayar SATA, ka ƙi: wayar SATA ba a yi ta don ɗaukar wat 150 da mai baki 8 ke ɗauka ba, narkewa take yi. Haka nan fawar da ake cire wayoyinta, kada ka taɓa sa mata wayar wani kamfani don kawai bakin ya shiga. Tsarin wayoyin ciki ya bambanta, kuma kayan mutane da yawa sun ƙone ta wannan hanyar. Sitabilaiza ko UPS kuwa, ka lissafa su cikin kuɗin kwamfutar tun farko.

Sai madabod, wanda a jikinsa komai yake zama. Abin dubawa a nan shi ne gurbin furosesa, wato soket, domin shi ke yanke maka iyakar inda za ka iya kaiwa. Tarihin AM4 na kamfanin AMD ya isa misali. An fito da shi a 2016, furosesoshin Ryzen suka fara hawansa a 2017, kuma wanda ya sayi madabod ɗin B450 da Ryzen 5 2600 a 2018 ya iya ɗora Ryzen 7 5800X3D a 2022 a kan madabod ɗin nan dai, bayan sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin. Yau AM4 ya zo ƙarshen tafiyarsa, magajinsa AM5 ya fito tun 2022, kuma AMD ta yi alkawarin ci gaba da yi masa furosesa har 2027 ko ma bayan haka. Intel kuwa ta fi saurin canza gurbi: LGA1700 ya ɗauki zubi na 12 da 13 da 14, sai aka koma LGA1851 a 2024.

Wannan ba ya nufin kowa sai ya sayi AM5. AM5 ba ya karɓar RAM sai DDR5, madabod ɗinsa ma ya fi tsada, ga shi farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya a ƙarshen 2025 saboda manyan kamfanonin fasahar AI suna wawure abin da masana'antu ke fitarwa. Wanda aljihunsa bai kai ba, Ryzen 5 5600 a kan B550, ko Core i5-12400F a kan madabod mai DDR4, za su buga masa gem na shekaru ba tare da kunya ba. Abin da nake so ya sani kawai shi ne saura matakala ɗaya ko biyu a gabansa, daga nan sai canjin madabod da RAM gaba ɗaya. Sayen abu da saninsa daban yake da a yi maka rufa-rufa.

Rufa-rufar da ta fi yawa ita ce ta "ai Core i7 ce". Sunan i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka karanta lambar da ke binsa. Core i7-3770 ta 2012 ce, kuma Core i3-12100 ta 2022 ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Bayan gudu akwai wata matsalar: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana buƙatar Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, da abin tsaron da ake kira TPM 2.0. Wasu wasannin intanet ma sun fara ƙin tashi idan babu irin wannan tsaro. Battlefield 6 ba ya buɗewa sai an kunna Secure Boot. Ka kuma lura da harafin ƙarshe. Furosesar Intel mai F ba ta fitar da hoto sai da kati, haka ma Ryzen 5 5600. Mai G, irin Ryzen 5 5600G, tana da nata ɗan katin a ciki, wanda zai ba ka damar buga ƙananan wasanni kafin ka tara kuɗin kati na gaske. Dabara ce mai kyau ga wanda kuɗinsa ke zuwa kashi-kashi.

Akwai masu bin wata hanyar: su sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu, irin Dell OptiPlex ko HP da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, su soka mata kati. Tana aiki, kuma tana da araha. Amma da yawansu an yi musu fawa da madabod masu siffa da wayoyi na kamfaninsu kaɗai, fawar ƙarama, akwatin siriri. Iyakarka kati irin GTX 1650 wanda wat 75 na ramin madabod ke isarsa, wani lokacin ma sai gajeren samfurinsa. Daga nan hanya ta toshe.

Katin hoto shi ne ya kamata ya ci kaso mafi girma na kuɗinka, shi ne kuma za ka fi saurin canzawa. A ganina, duk katin da ma'ajiyarsa ba ta kai giga 8 ba, a yau sai dai a saya don dole. Giga 8 ɗin ma sababbin wasanni sun fara matsa mata, shi ya sa RTX 3060 mai giga 12 da Intel Arc B580 mai giga 12, wanda ya fito a Disamban 2024 a kan dala 249, suke da farin jini. Sai dai katin Arc ba ya sakin jiki a tsohon madabod marar fasahar Resizable BAR. Amma kada yawan giga ya ruɗe ka, domin rarraunan kati mai babbar ma'ajiya rarrauna ne har gobe.

Kasuwar katin hannu kuwa sai an buɗe ido. Lokacin da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumban 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, musamman RX 570 da RX 580. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji, man da ke rage musu zafi ya bushe. Akwai kuma wanda ake kira RX 580 2048SP, wanda a ƙarfi ɗan'uwan RX 570 ne aka canza wa suna. Mafi muni su ne na jabu: tsohon kati irin GTS 450 a sauya masa bayanan ciki, Windows ta nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana tona asirin da yawa daga cikinsu. Ka sa a kunna maka gem mai nauyi a shagon na rabin awa, kana kallon zafin katin, kana duba ko hoto zai tsattsage ko ya fito da ɗige-ɗige masu launi. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin gwaji, kai ma ba ka da kuɗin saye. A rubuta maka kwanakin garanti a rasit tare da lambar jikin katin.

RAM ba ta da dogon zance: giga 16, sanda biyu masu takwas-takwas, saboda biyu suna aiki ta hanya biyu, sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri. DDR4 ba ta shiga ramin DDR5, ta laftof ma ba ta shiga ta tebur. Wurin ajiya kuma SSD za ka saya, irin NVMe da ake kwantarwa a jikin madabod, giga 500 aƙalla, tunda akwai wasannin da ɗaya kaɗai ya haura giga 100. Madabod mai ramin M.2 biyu zai ba ka damar ƙara wani ba tare da cire na farko ba. Idan na hannu ne, CrystalDiskInfo za ta nuna maka awannin da ya yi yana aiki da sauran lafiyarsa.

Akwati mai gilashi da fitilu masu launi shi ke ɗaukar idon yara, har da manya. Fitila ba ta ƙara gudu. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, akwatin da gabansa raga ce mai shigar da iska, da matatar ƙura da ake cirewa a wanke, ya fi wanda aka toshe da gilashi. Ka duba tsawon katin da yake ɗauka, domin manyan katunan yanzu masu fanka uku sun kai santimita 30. Ka ɗora shi a tebur, kada ka ajiye shi a ƙasa kan kafet.

Zancen "saboda gaba" shi ma yana da nasa tarkon, 'yan kasuwa kuma sun san shi. Za a nuna maka madabod mafi tsada da fawa mai wat 1000, a ce ai za ka buƙace su wata rana. Wanda ke buga gem a allon 1080p da kati matsakaici ba zai taɓa jin bambancin PCIe 5.0 da 4.0 ba. Kuɗin da ka binne a madabod na alfarma, daga bakin katin hoto ka cire su, ka zauna kana buga gem yana sarƙewa kana jiran ranar da ba lallai ta zo ba. Madabod na tsakiya, jerin B, mai ramin RAM huɗu da ƙarfen sanyaya a kusa da furosesa, ya isa. Shafin PCPartPicker zai duba maka ko kayan da ka zaɓa sun dace da juna kafin ka bar gida, ko da farashinsa ba na kasuwarmu ba ne.

Ranar da ka tashi canza furosesa, ka shiga shafin kamfanin madabod ɗinka ka duba jerin waɗanda yake karɓa da lambar BIOS da kowace ke buƙata. Ka sabunta BIOS ɗin tun tsohuwar furosesar tana ciki, domin idan ka riga ka sayar da ita, sabuwar ba za ta tashi ba, sai dai idan madabod ɗin yana da maɓallin sabuntawa ta filasha a bayansa. Kuma kada ka fara wannan aikin a kan wutar NEPA tsura. Mintuna kaɗan yake ɗauka, amma idan aka ɗauke wuta a tsakiya madabod na iya mutuwa, don haka sai a kan UPS mai cikakken caji ko inbata.