Takardar Fili Daban, Izinin Gini Daban

Duk mai zaga sababbin unguwannin Kano ya saba ganin jan fenti a jikin katangar da ko bushewa ba ta gama yi ba, da umarnin a dakatar da aiki, da sunan KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a ƙasa. Abin da mai ginin yakan fara yi shi ne ya zaro takardar cinikinsa, mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa, yana rantsuwa fili nasa ne, da guminsa ya saya. Galibi gaskiya ya faɗa. Sai dai tambayar da aka yi masa daban ce. Mallakar fili magana ce ta ma'aikatar ƙasa da safiyo. Abin da za a ɗora a kan filin, da tsayinsa, da inda zai tsaya, wannan hurumin hukumar tsara birane ne. Rikicin gini da yawa daga haɗa waɗannan biyun yake tasowa.

A fara da ƙasar. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da mutum yake samu a birni shi ne haƙƙin zama, yawanci na shekara 99, kuma shaidarsa ita ce takardar da aka fi sani da C of O. A karkara ƙaramar hukuma ce take bayar da haƙƙin zama na gargajiya. Dokar ta ce sayar da filin birni ko jinginar da shi sai da yardar gwamna, kuma ta ba shi ikon karɓe shi saboda amfanin jama'a. In an karɓe, diyyar da ake biya ta abin da ka gina ko ka shuka ce, ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. A jikin takardar kuma akan rubuta abin da aka ba da filin dominsa: gidan zama, ko kasuwanci, ko masana'anta, ko makaranta. Mutane ƙalilan ne suke karanta wannan layin, alhali shi ne yake sa a hana mutum mayar da gidansa na zama rukunin shaguna ba tare da ya nemi sauyin manufa ba.

Tsara gari kuwa ya girme wannan doka nesa ba kusa ba. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ita ta raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, har da sharaɗin barin fili fetal mai faɗin yadi 440 a tsakani, wai don gudun cuta. Har yau ana ganin sawun wannan tunani a bambancin Nasarawa da Sabon Gari da Fagge. Sai dokar 1946, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932, sai kuma doka mai lamba 88 ta 1992, wadda ta raba aikin tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara gari da bayar da izinin gini a cikin jiha aikin jihar ne. Shi ya sa kowa yake da tasa: KNUPDA a Kano, wadda a da ake kira KASEPPA, KASUPDA a Kaduna, Abuja kuma da sashenta na sa ido kan gine-gine. Ƙa'idojin suna kama da juna, amma kuɗi da wa'adi da takardu sun bambanta daga jiha zuwa jiha.

Kada ma a ɗauka Bature ne ya fara koya mana cewa gini yana da iyaka. Littattafan fiƙihun Malikiyya cike suke da hukuncin wanda ya juya indararonsa gidan maƙwabci, ko ya buɗe taga tana leƙen tsakar gidan wani, ko ya ci hanyar jama'a da katanga. Wani magini a Tunis, Ibnur Rami, ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini tun a ƙarni na 14. Asalin maganar ɗaya ce da ta yau: ikonka a kan filinka yana ƙarewa a inda cutar da wani ta fara.

To, yaya aikin yake tafiya? Yadda aka tsara a takarda, da farko ana yin babban tsarin gari, wanda zai nuna inda manyan tituna za su bi, da inda masana'antu za su zauna, da wuraren da ba za a taɓa ba, kamar hanyar ruwa da maƙabarta da filin wasa. Kano ta samu irin wannan a tsarin Trevallion na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983. Daga babban tsarin ake yanka unguwanni, a fitar da tituna da kwatoci da filin makaranta da na asibiti da na masallaci, safiyo ya kafa duwatsun iyaka, sannan a raba fuloti. Sai bayan an yi duk wannan mai fuloti zai zo neman izini.

Abin da ake nema a hannunsa ba ɓoyayye ba ne: shaidar mallaka, taswirar filin daga safiyo, zanen ginin daga mai zane mai rajista, da shaidar biyan haraji da kuɗin dubawa. In bene ne, sai an haɗa da zanen injiniya da lissafinsa na rodi da kankare, sau da yawa har da gwajin ƙasa. Babban aiki irin gidan mai ko masana'anta yana buƙatar rahoton tasirinsa ga muhalli. Jami'i zai je ya ga filin da idonsa, ya tabbatar abin da ke takarda shi ne a ƙasa. Zai duba tazarar da aka bari daga titi da daga katangar maƙwabci, da ko ɗakuna suna samun iska da haske, da inda ruwan sama zai bi ya fita, da inda aka sa shadda. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a garin da gida da yawa rijiya yake sha. Masana lafiya suna son a samu kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma a fulotin da aka tsaga gida huɗu babu ta inda wannan tazara za ta fito. Haka ƙarƙashin babbar wayar lantarki: layin 330kV yana da haramin mita 50, na 132kV mita 30, kuma babu takardar cinikin da za ta halatta gini a ciki.

Izinin ma ba shi ne ƙarshe ba. Ya kamata jami'ai su dawo lokacin fitar da harsashi, da kafin a zuba dakin, da bayan an kammala. Anan ne ake kama wanda aka ba izinin hawa biyu ya ɗora na uku, ko ɗan kwangilar da ya rage kaurin rodi, ko mai gaggawar cire katakon dakin alhali kankare sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe fiye da mutum 40. Makarantar da ta faɗo a Jos a Yulin 2024 ta ci rai 22, akasarinsu ɗalibai. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma kundi ba ya hawa tsani ya ƙirga rodi.

Duk wannan bayanin na filin gwamnati ne. Mafi yawan faɗaɗar Kano, musamman ta ɓangaren Kumbotso da Ungogo, ta awon igiya ta zo. Mai gona zai kira dillalai, a ja igiya, a yanka yadda za a samu fuloti mafi yawa, a bar ɗan lungun da da ƙyar adaidaita sahu take shiga. Babu wanda zai bar filin makaranta kyauta, balle na kwata. Ba na ganin laifin talakan da ya saya, domin fulotin gwamnati bai taɓa isa ba, wanda ya samu kuma sau da yawa mai hanya ne. Amma ranar da gobara ta tashi motar kashe wuta ta tsaya a bakin titi, ko damina ta kankama ruwa ya rasa mafita, unguwar gaba ɗaya ce take biyan kuɗin ƙafa goman da aka ƙi bari. Ko kasuwar Kantin Kwari, da ke tsakiyar gari, ambaliyar 2022 ta lalata mata kaya masu yawa, 'yan kasuwa kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa.

A nan nake ganin hukumomin suna da babban kaso na laifi. Suna zuwa a makare. Lokacin da ya dace a gan su shi ne lokacin da gona take gona, sa'ad da fitar da titi mai faɗi bai wuce kafa turaku ba. Sai an gina, an tare, an haifi 'ya'ya, sannan a iso da fenti da katafila. Ga kuma jan ƙafa wajen bayar da izini, wanda yake tura masu niyyar bin doka zuwa ga 'yan "bari in gyara maka". Dokar 1992 ta ce ita kanta gwamnati sai ta nemi izini kafin ta yi gini, amma gwamnatoci ne kan gaba wajen yanka filayen makarantu da na idi da jikin badala. Rusau ɗin da aka yi a Kano a Yunin 2023, har da shagunan Filin Idi, ya nuna inda wannan yake kaiwa: gwamnati ɗaya ta bayar, wata ta zo ta rushe, kotu kuma ta ce a biya masu shagunan diyyar naira biliyan 30.

Mai shirin saye yana da abin yi kafin ya miƙa kuɗi. Ya je hukumar bayanan filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a duba masa ko filin yana da wani mai shi, ko an ware shi don titi. Ya biya duk kuɗin hukuma ta banki, ya riƙe rasit. In an manna masa takardar dakatarwa, kada ya sa lebura su ƙarasa aiki da dare. Ya je ofis da takardunsa, domin doka ta tanadi sanarwa kafin rusau, kuma yana da damar ƙorafi har zuwa kotu. Wanda kuma ya riga ya zauna a awon igiya, ya nemi a tantance masa filin a ba shi takarda, ya kuma zauna da maƙwabta da mai unguwa su amince da faɗin layi da inda kwata za ta bi tun sauran fulotan ba su tashi ba.