Tsohuwar Kwamfuta da Windows 11: Gaskiya ko Jita-jita?

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da masu shagunan buga takardu a Pantami da Jekadafari ke tambayar juna ko kwamfutarsu za ta ɗauki Windows 11. Yawancinmu 'yar kwatano muke saya, don haka maganar ta shafe mu kai tsaye. Ga wasu maganganu da ake yawan ji a kai.

"Muddin Core i7 ce, za ta ɗauka"

Ba haka ba ne. Abin da Windows 11 ke dubawa shi ne zamanin da aka ƙera firosesar. A ɓangaren Intel, daga zamani na 8 zuwa sama ne ake karɓa, wanda ya fara fitowa a 2017. Lambar farko bayan karan (ko lambobi biyun farko daga zamani na 10 zuwa sama) ita ke nuna zamanin: i7-3520M ta 2012 zamani na 3 ce, ba za ta wuce ba, alhali i5-8250U za ta wuce. Fahimtar cewa i7 ta isa ta yaɗu ne domin sitikar da ke jikin kwamfuta i5 ko i7 take nunawa da manyan haruffa, mu kuma mun saba ciniki da ita shekara da shekaru. Mai saye bai yi laifi ba, abin da aka koya masa dubawa ke nan. Kafin a biya kuɗi, a buɗe Settings, a shiga System, sannan About, a karanta cikakkiyar lambar.

"Idan aka ƙara RAM an gama"

RAM 4GB da ma'ajiya 64GB suna cikin sharuɗɗa, amma ba su kaɗai ba ne. Akwai TPM 2.0, wata kafar tsaro da ke adana makullan sirri. Sau da yawa tana cikin kwamfutar, a kashe kawai take a BIOS, da sunan PTT a Intel ko fTPM a AMD. Manhajar PC Health Check ta Microsoft kyauta ce, kuma za ta faɗi ainihin abin da ya hana.

"Mai gyara ya sa mini, kuma tana aiki lafiya"

Gaskiya ne ana tsallake sharuɗɗan da manhajoji irin su Rufus, kwamfutar kuma ta tashi. Sai dai Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyare-gyaren tsaro ba. Wanda ke shiga asusun bankinsa da ita ya kamata ya san haka tun kafin a sa masa.

"Wadda ba ta cika sharuɗɗa ba ta zama bola"

A'a. Windows 10 na ci gaba da aiki, tsaronta ne ke raguwa da lokaci. Linux Mint, wadda ake sawa a madadin Windows, kyauta ce, tana tafiya da kyau a tsofaffin HP da Dell, kuma ta isa ɗalibi rubuta aikinsa da shiga intanet.