Idan A-Kori-Kura Ta Ƙi Jan Mai: A Fara Da Mai Sauƙi Kafin A Taɓa Famfo

'Yan uwa fatake, duk wanda ke bin kasuwannin kan iyaka ya san cewa kara ba ta jiran kowa. Wanda ya taso daga Dungas zai ci Maigatari ran Alhamis, in mota ta tsaya masa a daji da tumaki a baya, to ya yi asara biyu: kasuwa ta watse, dabbobi kuma sun sha rana sun rame. Cikin matsalolin da suka fi tsayar da motocinmu masu shan gazuwal, irin su Hilux da Land Cruiser, akwai rashin isar mai da ƙarfi zuwa inji.

Alamunta sanannu ne. Mota ta daɗe ana murza makulli da safe kafin ta tashi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya tana tafiya lafiya lau, amma da an ɗora kaya an shiga yashi ko hawa sai ta riƙa shaƙewa, a taka totur ba ta amsa, wani lokaci ta mutu gaba ɗaya. Da yawanmu da mun ga haka sai mu ce famfon injekta ya lalace. Alhali kuwa famfon nan shi ne mafi tsada, kuma shi ya kamata a taɓa a ƙarshe.

A fara da murfin tanki. In an buɗe aka ji ya zuƙi iska, kuma mota ta warware bayan haka, to kafar da tanki ke numfashi ce ƙura ta toshe.

Sai filta. A ƙasanta akwai wurin da ruwa ke taruwa, domin ruwa ya fi gazuwal nauyi. A sassauta maƙullin ƙasa a tara kwalba mai haske. In ruwa ko laka ya fito, an gano ɓarawon. Filtar da ta toshe ba a wanke ta, canzawa ake yi, shi ya sa muke shawartar kowa ya ajiye sabuwa ɗaya a mota.

A saman filtar akwai ɗan famfo da ake dannawa da hannu. A yi ta dannawa har ya yi tauri. In ya ƙi tauri, ko ya yi sannan ya saki da safe, to iska ce ke shiga ta tiyon da ya tsage ko robar da ta bushe. Irin wannan tsaga ba lallai ta ɗigar da mai ba, don a wannan sashe zuƙo man ake yi. Dabarar kanikawa ita ce su sa tiyo mai haske su ga ko kumfa na wucewa, ko kuma su ba injin mai kai tsaye daga jarka mai tsabta. In ta yi lafiya da jarka, matsalar tana tanki ko layi, famfo ba shi da laifi.

Amma fa a lura, motocin iri biyu ne. Tsofaffin injuna irin su 3L da 5L da 1HZ, bakanike yakan sassauta bututun nozul ya fitar da iska. Hilux mai D-4D kuwa, wadda ta yaɗu tun wajen 2005, ƙarfin man da ke bututunta ya haura bar 1,000, yana iya huda fatar mutum. Kada a kuskura a kwance shi inji na aiki. Ita sai an sa mata kwamfuta. Lambar P0087 na nufin ƙarfin mai ya yi ƙasa. Ko a nan ma sau da yawa filta ce, ko wani ɗan bawul da ke jikin famfon mai suna SCV, wanda ake canza shi shi kaɗai.

Tushen yawancin wannan wahala shi ne man da muke saya a jarka a bakin hanya. Wani da ruwa, wani an gauraya shi da kananzir. Gazuwal shi ke shafe cikin famfo, kananzir ba ya da wannan santsi, sai ya cinye shi sannu a hankali. In dole ta sa a saya, a tace da ƙyalle mai tsabta, kada a juye na ƙasan jarka. Lokacin sanyi kuma a kwana da tanki cike, don tanki rabi yakan tara raɓa a ciki.

Saboda haka, kafin a yarda a kwance famfo, a tambayi bakanike: ka duba filta? Ka gwada da jarka? Kuɗin filta bai kai na ɗan akuya ba, gyaran famfo da nozul kuwa yana iya cinye kuɗin sa. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa.