Gidan Powerscourt da Lambunansa

A ƙasar Ayalan, kimanin kilomita 20 kudu da birnin Dablin, akwai wani ƙasaitaccen gida mai suna Powerscourt. Yana kusa da ƙauyen Enniskerry, a yankin Wicklow mai yawan duwatsu.

Tun a ƙarni na 13 aka gina gidan tsaro mai kaurin bango a wurin. A ƙarni na 18, iyalin Wingfield da suka mallake shi suka so gidan da zai nuna arziki da martaba, ba na yaƙi ba. Sai suka ba wani Bajamushe mai tsara gine-gine, Richard Cassels, aikin. An fara a 1731, aka gama a 1741. Cassels bai rushe tsohon ginin ba, sai ya ɗora sabon a kewayensa. Ya bi salon Palladio, wani gwanin gini na Italiya: babban gini a tsakiya, da ƙananan sassa biyu hagu da dama, daidai wa daida.

Lambunan kuwa sun fi gidan ɗaukar lokaci. A shekarun 1840, Daniel Robertson ya tsara yadda za a yanka gangaren da ke bayan gidan hawa-hawa kamar matakala, har zuwa bakin wani tafki. Wanda ya tsaya a saman matakalar zai hangi tafkin, da kuma dutsen Sugar Loaf can nesa. A 1908 aka ƙara lambu irin na Japan. Akwai ma maƙabartar dabbobin gidan, inda aka binne karnuka da dawakai da shanu. Faɗin lambunan duka eka 47 ne.

A 1961 iyalin Slazenger suka sayi gidan. A watan Nuwamba na 1974 gobara ta tashi, ta cinye cikin babban ginin, ta bar bango kawai. Fiye da shekara 20 ginin yana tsaye babu rufi, amma wutar ba ta taɓa lambunan ba, kuma ba a daina kula da su ba. An yi wa gidan sabon rufi a 1996, aka sake buɗe shi ga jama'a a 1997. A yau baƙi daga ƙasashe da dama suna zuwa ziyara.

Tambayoyi
1. Wane ne ya tsara sabon gidan?
2. Bayyana salon ginin.
3. Me ya faru a 1974?