Dukiya A Cikin Gwanjo

A Amurka akwai kantuna da ake kira Goodwill, inda ake sayar da kayan gwanjo da mutane suka bayar kyauta. Wani fasto, Edgar Helms, shi ya fara wannan aiki a birnin Boston a 1902. Yakan tattaro tsofaffin kaya daga gidajen masu hali, matalauta su gyara, a sayar, a biya su lada.

Yau wasu suna zagaya irin waɗannan kantuna suna farautar tsofaffin littattafan girki. Babban burinsu shi ne bugun farko na Joy of Cooking, wanda Irma Rombauer ta buga da kuɗinta a 1931 bayan rasuwar mijinta, kwafi 3,000 kacal. Wanda ya same shi da araha, ya tsinci dami a kala.

Amma akwai abin tausayi. Sau da yawa sukan tarar da rubutun hannu a gefen shafi, inda wata uwa ta rage sukari ko ta ƙara gishiri. Da ta rasu, 'ya'yanta suka bayar da littafin ba su buɗe ba.

Uwargida, kafin ki rabar da kayan mahaifiyarki, ki buɗe ki duba tukuna.